Mayar da faifan ajiya da lasisin Windows zuwa wata kwamfutar

Mayar da faifan ajiya da lasisin Windows zuwa wata kwamfutar shi ne a cire faifan da ke ɗauke da babbar manhaja da fayiloli daga kwamfuta ɗaya, yawanci ta tafi-da-gidanka, a saka shi cikin wata, yawanci ta girke, da nufin a ci gaba da aiki ba tare da an zuba komai daga farko ba. Abubuwa biyu ne mabambanta ake yawan haɗawa wuri guda a nan. Faifan kaya ne na mai shi, yana iya kai shi duk inda ya ga dama. Lasisi kuwa izini ne da kamfanin Microsoft ya bayar bisa sharuɗɗa, kuma a mafi yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka ba ya bin faifan, yana zama ne tare da na'urar da aka sayar da shi a kanta.

A Kano akan yi wannan aiki idan allon kallo ko madannan kwamfuta suka lalace, ko babban allonta ya ƙone, alhali faifan lafiyarsa lau. Masu shagunan buga takardu da rajistar jarrabawa ta intanet a unguwanni irin su Kwaciri da Sabon Gari a ƙaramar hukumar Fagge, da masu gyara a titin Beirut da kasuwar Farm Centre, suna mu'amala ne da kwamfutoci na hannu da aka shigo da su daga Turai da Amurka, waɗanda asalin lasisinsu bai cika bayyana ga mai saye ba.

Faifan ajiya

Faifan kwamfutar tafi-da-gidanka na gargajiya, ko mai juyawa ne wato HDD ko marar juyawa wato SSD, girmansa inci 2.5 ne, na kwamfutar girke kuma inci 3.5. Bakin haɗinsu na SATA iri ɗaya ne: waya mai haƙora 7 ta bayanai da mai haƙora 15 ta wuta. Saboda haka ƙaramin faifan yana aiki a kwamfutar girke kai tsaye, sai dai a nema masa maɗauri don kada ya riƙa lilo cikin akwati.

Sababbin na'urori suna amfani da siririn kati mai suna M.2, wanda aka fi samu a girman 2280, ma'ana faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80. Akwai na SATA akwai na NVMe, kuma ramin da ya karɓi ɗaya ba lalle ya gane ɗayan ba ko da katin ya shiga. Wasu ƙananan kwamfutoci masu araha kuwa ma'ajiyarsu eMMC ce da aka liƙe a jikin babban allo, ba ta ciruwa. Sai dai a kwafe abin da ke ciki.

Tashin manhaja a sabuwar na'ura

Windows XP da Windows 7 sun yi ƙaurin suna wajen ƙin tashi idan aka sauya musu na'ura. Daga Windows 8 zuwa yau abin ya yi sauƙi, domin manhajar kan gane cewa kayan aiki sun canza, ta ɗora direbobin da suka dace a tashin farko. Duk da haka akwai wurare uku da aikin ke cijewa.

Na farko shi ne tsarin rabon faifai. Faifan da aka tsara da MBR yana tashi ne ta tsohon tsarin BIOS, wanda aka tsara da GPT kuma ta UEFI. Idan saitin sabuwar kwamfutar bai dace da na faifan ba, za ta nuna kamar babu manhaja a ciki. Tun fitowar Windows 10 sigar 1703 akwai manhajar mbr2gpt da ke sauya tsarin ba tare da goge fayiloli ba. Na biyu shi ne yanayin da babban allo ke magana da faifai, AHCI ko RAID. Saɓani a nan ne ke kawo shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE.

Na uku shi ya fi haɗari, wato kulle faifai da BitLocker. Makullin yana ajiye ne a guntun tsaro na TPM da ke jikin tsohuwar kwamfutar. Da zarar faifan ya bar ta, za a nemi lambar ceto mai alƙaluma 48, kuma idan babu ita babu mai gyaran da zai iya buɗe fayilolin. Fomatin ne kaɗai ya rage, da asarar duk abin da ke ciki. Kwamfutoci da dama suna kulle faifai da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, mai ita bai ma sani ba, kuma a irin wannan hali akan sami lambar a cikin asusun. Don haka ne ake dakatar da kullen ko a rubuta lambar, a kuma kwafe muhimman fayiloli wani wuri, tun kafin a kwance noti ɗaya.

Ire-iren lasisi

Lambar lasisin Windows haruffa da alƙaluma 25 ce, an kasa ta gida biyar. Amma hanyar da aka samu lambar ce ke nuna ko za a iya mayar da ita.

Lasisin OEM shi ne wanda kamfanonin ƙera kwamfuta irin su HP, Dell da Lenovo ke sayarwa tare da na'urar. A zamanin Windows 7 lambar tana kan takardar da aka manna a ƙarƙashin kwamfutar. Daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, aka koma rubuta ta a cikin babban allon kansa, shi ya sa ba a ganin lamba a jikin sababbin na'urori. Sharuɗɗan Microsoft sun ce irin wannan lasisi ana miƙa shi ga wani ne kawai tare da na'urar. Idan babban allo ya mutu, lasisin ya tafi da shi. Kusan duk kwamfutar tafi-da-gidanka da ta zo da Windows tana cikin wannan rukuni.

Lasisin da mutum ya saya daban, a kwali ko ta shagon Microsoft na intanet, shi ne mai iya tafiya, da sharaɗin a cire manhajar daga tsohuwar na'urar, domin lasisi ɗaya na kwamfuta ɗaya ne a lokaci guda.

Rukuni na uku shi ne lasisin sari na ma'aikatu da makarantu. Wani nau'insa, KMS, yana aiki kwana 180 ne, sai kwamfutar ta sake tuntuɓar uwar garken ma'aikatar. Kwamfutar hannu da ta fito daga wani ofis a waje tana iya nuna cewa lasisinta na aiki ranar da aka saye ta, bayan wasu watanni ta fara gargaɗi. Manhajojin satar lasisi da ake ɗorawa a wasu shaguna suna kwaikwayon wannan tsari ne, kuma abin da suke bayarwa ba lasisi ba ne balle a yi maganar mayar da shi. Umarnin slmgr /dli yana nuna rukunin da lasisin kwamfuta yake: OEM, RETAIL ko VOLUME.

Windows 10, wadda ta fito ranar 29 ga Yuli 2015, ta kawo lasisin dijital. Microsoft kan ajiye shaidar kayan aikin kwamfutar a wajenta, ta yadda ko an yi fomatin lasisin zai dawo da kansa idan aka hau intanet. Wannan shaida ta fi dogara ga babban allo, ba faifai ba, kuma nan ne tushen ruɗanin da mutane ke yi. A 2016 aka ƙara damar ɗaure lasisi da asusun Microsoft, wanda ke ba mai lasisin da ya saya daban damar shaida wa manhajar cewa ya sauya na'ura. Waɗanda suka ɗaukaka kyauta daga Windows 7 ko 8 sun gaji rukunin tsohon lasisinsu ne. A Satumba 2023 Microsoft ta rufe hanyar amfani da lambobin Windows 7 da 8 wajen samun sabon lasisin Windows 10 ko 11.

Sau da yawa ma ba a buƙatar mayar da lasisin. Kwamfutocin girke na ofis irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, waɗanda suka cika kasuwar kayan hannu, akasari suna da nasu lasisin a babban allo. Abin lura shi ne bugu: lambar Pro ba ta tabbatar da Home, ta Home ba ta tabbatar da Pro, kuma sauka daga Pro zuwa Home sai an sake zuba manhajar. Idan babu lasisi ko kaɗan, Windows 10 da 11 suna ci gaba da aiki, amma da rubutun gargaɗi a kusurwar dama ta ƙasa, kuma an hana sauya hoton bango da launuka.

Doka

A Najeriya manhajar kwamfuta tana cikin ayyukan da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ke karewa, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke kula da aiwatar da ita. A Turai kotuna sun rage ƙarfin sharuɗɗan kamfanoni: babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke hukunci a 2000 cewa ana iya sayar da manhajar OEM ba tare da kwamfuta ba, sannan a 2012 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar UsedSoft da Oracle, ta halatta sake sayar da lasisin da aka yi amfani da shi. Masu tallar lambobi masu araha a intanet sukan fake da waɗannan hukunce-hukunce, amma ikonsu bai wuce Turai ba.

Windows 11 da ƙarshen Windows 10

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da shirin ƙarin sabuntawar tsaro na wucin gadi. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, tana buƙatar TPM 2.0, da UEFI, da RAM aƙalla gigabait 4, da ma'ajiya gigabait 64, kuma a ɓangaren Intel galibi sai firosesa na ƙarni na 8 zuwa sama. Wanda zai sayi kwamfutar girke ta hannu mai firosesa na ƙarni na 4 ko na 6 don ya mayar da faifansa, zai sami na'urar da lasisinta ke aiki amma ba ta cikin jerin masu karɓar Windows 11 a hukumance.

Manhajojin Linux irin su Ubuntu ba su da wannan taƙaddama, domin lasisinsu na kyauta ne kuma ba ya ɗaure da wata na'ura, faifansu kuma yakan tashi a sabuwar kwamfuta ba tare da wani gyara ba. Lasisin macOS kuwa ya taƙaita amfani da ita ga kwamfutocin Apple kaɗai.