Daga Shaidar Mai Unguwa Zuwa Gwajin Fitsari: Tantance Masu Tsaro a Zamfara

A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa suka yi mulki ta hannunta, Gusau da Tsafe da Bungudu gundumomi ne na ƙasar Sakkwato, kuma duk mai neman aikin dogari ko ɗan doka asalinsa ake bi tun kafin a dubi ƙarfinsa: ɗan wane ne, kuma wa ya tsaya masa. Mai unguwa kan shaide shi gaban hakimi, in kuwa ya yi abin kunya daga baya, mutuncin wanda ya tsaya masa ne ke zubewa. Al'adar ta yi kama da abin da ke cikin fiƙihun Malikiyya, inda alƙali ba ya karɓar shaidar wanda bai sani ba sai an yi masa tazkiyya, ma'ana adilai sun tabbatar ba maƙaryaci ba ne, ba kuma mashayi ba.

Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne maye ba ya ɓuya a lokacin, domin giya tana da wari, tana kuma da gidan da ake zuwa shanta. Bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999 an rufe waɗannan gidaje, sai dai tiramol da kodin, da suka yawaita daga baya, aljihu ne ma'ajiyarsu, har matashi ya shekara yana sha mahaifinsa bai ankara ba, balle mai unguwa. A 2018 ne gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, ta matsa tun da Buba Marwa ya zama shugabanta a 2021 cewa a riƙa yi wa masu neman muƙami da aikin gwamnati gwajin ƙwaya, batun da ya ƙara nauyi a Zamfara sa'ad da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawa, wato rundunar tsaron al'umma ta jihar, a Janairun 2024, tunda bindiga ake damƙa wa 'yan gari. Amma gwajin fitsari, ga yawancin ƙwayoyi, labarin kwanaki kaɗan yake bayarwa, wanda ya daure mako guda yana iya tsallakewa. Akwai kuma wata hanyar ban da gwaji: a Amurka, mai neman izinin ganin sirrin gwamnati sai ya rubuta da kansa kayan mayen da ya sha cikin shekara 7 da suka wuce, kuma ɓoyewa laifi ne daban, wanda kan fi shan kansa hana izinin. 'Yan sandan Najeriya kuwa har yau suna neman sabon kurtu ya kawo takardar wanda ya tsaya masa.