Tarihin Yadda Masu Zayyana Ke Kallon Matsala

Littattafan kasuwanci da yawa suna fara wannan tarihi daga kamfanin IDEO, wanda aka kafa a Amurka a 1991. Sun makara da kusan shekara 30.

A 1962 aka yi taro a Landan kan dabarun zayyana, inda injiniyoyi da masu zanen gine-gine suka so a mayar da aikin kamar lissafi: a tara bayanai, a tsinka matsala gunduwa-gunduwa, amsa ta fito. Littafin Christopher Alexander na 1964 a kan wannan turba yake, amma ba a je ko'ina ba shi da kansa ya juya mata baya.

Wanda ya gano inda gizo ke saƙar shi ne Horst Rittel, Bajamushe da ya koyar a makarantar zayyana ta Ulm kafin ya koma jami'ar Berkeley a 1963. Ana yawan jingina ra'ayinsa na "mugayen matsaloli" ga maƙalar da ya fitar tare da Melvin Webber a 1973, alhali tun 1967 West Churchman ya ruwaito shi daga Rittel a mujallar Management Science. Shekarar 1967 ce ta fi cancanta a riƙe. Hujjar Rittel ita ce matsala irin cunkoson gari ba ta da fuska ɗaya. Wanda ya ce ƙarancin tituna ne, kwalta zai zuba. Wanda ya ce nisan gida da wurin aiki ne, tsarin unguwanni zai sake. Tun wajen faɗin matsalar aka zaɓi maganin.

Donald Schön ne ya nuna abin a aikace cikin littafinsa na 1983. Wata ɗaliba, da ya kira Petra, ta rasa yadda za ta zaunar da azuzuwan firamare a kan fili mai gangara. Malaminta ya shimfiɗa farar takarda shara-shara a kan zanenta, ya daina bin karkacewar ƙasar, ya ɗora mata tsari nasa. Sai gangaren ƙafa 15 ya rabu hawa uku, kowane ƙafa 5, daidai tsayin yaro, har aka samu lungunan da yara za su zauna. Gangaren da ya hana ta sakat shi ya ba ginin siffarsa.

Bayan nan tallar kwasa-kwasai ta fi sabon tunani yawa. Wanda ya fita daban shi ne Kees Dorst, da littafinsa na 2015, inda ya kawo labarin unguwar Kings Cross a Sidni: masu zayyana suka ɗauki hayaniyar darenta a matsayin babban biki da babu mai shirya shi, suka ba da shawarar a ƙara jiragen ƙasa na komawa gida, da wuraren hutawa, da masu nuna wa baƙi hanya.