Sule Mai Ruwan Zinariya

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya iso gonakin Kura da Bunkure, ƙasa ba ta huta da fartanya ba, rani da damina. Mai haƙa kuwa ya kan ci karo da tsohon kuɗi, gama mutanen dā a tukunya su kan bizne abinsu. Wanda ya fi ruɗin jama'a shi ne sule mai ruwan ɗorawa, har wani ya ɗauka zinariya ce.

Ga asalinsa. A 1913 Turawa suka fara buga sule na ƙasashen Afirka ta Yamma, da azurfa. Bayan Yaƙin Duniya na Farko azurfa ta yi tsada, saboda haka a 1920 aka koma buga shi da farin tagulla, watau jan ƙarfe da aka gauraya da waɗansu ƙarafa. Shi ne mai launin nan. An buga shi da yawa ƙwarai, shi ya sa masu tara tsofaffin kuɗi ba su ba da wani abin kirki a kansa, sai fa in bai taɓa yawo a hannu ba. Kore ko baƙi da ya kan hau shi aikin damshin ƙasa ne, rage masa daraja ya ke yi.

Abin mamaki, anini da kowa ya raina ya kan fi shi. Na 1907 da gorar ruwa aka yi shi, fari fat, marar nauyi, da huda a tsakiya. Da aka ga ba shi da ƙarko, a 1908 aka sake masa ƙarfe. Mai kyaunsa yana da wuyar samu yanzu, ana nemansa. Amma kwabo na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a gadon sarauta ba, labarinsa ya fi kuɗinsa, gama yana nan birjik.

To, mai karatu, in ka tsinci irin wannan, duba shekara tukuna, sa'an nan ƙananan haruffan maƙera, H ko KN, duka biyu na Birmingham. Kada ka kuskura ka goge shi da toka ko lemun tsami, gama masu saye ba su son gogagge. Kuma kada ka sayar wa wanda ya fara tayawa, sai wani masani ya gani.