Akwatunan Gem na Zamanin Sulalla: Daga Mashaya zuwa Falon Gida

Akwatin gem na kasuwanci, wanda a Amurka ake kira arcade, katako ne tsayayye da ya kai tsayin mutum, da gilashin talabijin a ƙirjinsa, da sandar sarrafawa da maɓallai a daidai ƙugu, sannan da ƙofar ƙarfe a ƙasa mai kafar jefa sulalla. Wasa ɗaya tak yake ɗauke da shi. Ya bambanta da gidan gem da aka saba gani a garuruwanmu, inda ake haɗa PlayStation da talabijin a biya mai shago. A nan na'urar ce da kanta take karɓar kuɗi: a zamanin tashensa, a Amurka kwata, wato santi 25, a Japan kuma yen 100.

Sana'ar ta soma a 1971, lokacin da Nolan Bushnell da Ted Dabney suka ƙera Computer Space. Bai yi kasuwa sosai ba, don sarrafa shi ya yi wa masu wasa wuya. Shekara ta zagayo suka kafa Atari, injiniyansu Allan Alcorn ya haɗa Pong, aka kai shi gwaji wata mashaya a Sunnyvale ta jihar Kalifoniya. Ba a jima ba aka aiko cewa na'urar ta tsaya. Da aka buɗe ta, sai aka tarar sulalla ne suka cika ma'ajiyar har suka toshe hanya. Daga 1978, da Taito ta Japan ta fitar da Space Invaders, kasuwar ta buɗe sosai. Asteroids ya biyo baya a 1979, Pac-Man na Namco a 1980, Donkey Kong da Galaga a 1981. Kamfanin Midway kaɗai ya sayar da akwatunan Pac-Man sama da 100,000 a Amurka.

Ba don ajiya aka ƙera waɗannan akwatuna ba, kuma wannan shi ne tushen duk wahalar da mai gyara yake sha a yau. Masu sayensu 'yan kasuwa ne da ke rarraba su a mashaya da kantuna da gidajen abinci, suna raba ciniki da masu wurin. Da zarar kuɗin da wasa ke kawowa ya ja baya, sai a fitar da fanel ɗinsa, wato allon lantarkin da wasan yake ciki, a sa na wani sabo, a shafe zanen gefe da baƙin fenti, a huda sababbin ramukan maɓallai. Kamfanonin ma haka suke yi. Nintendo ta kai Radar Scope Amurka bai samu karɓuwa ba, sai aka mayar da kusan akwatuna 2,000 da suka yi kwantai zuwa Donkey Kong, wasan da Shigeru Miyamoto ya tsara. A tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyar masu ƙera na'urorin wasa ta Japan, JAMMA, ta tsayar da mahaɗin waya bai ɗaya mai haƙora 56, wanda ya sa canza wasa ya koma aikin 'yan mintuna. Shi ya sa da Street Fighter II ya farfaɗo da kasuwar a 1991, tsofaffin akwatuna masu yawa suka rasa kamanninsu na asali don a zuba shi a ciki.

Zuwa ƙarshen shekarun 1990 na'urorin gida sun kamo na kasuwa a kyan hoto, gidajen wasa suka riƙa rufewa. Akwatunan suka koma sito da gareji, wasu aka farfasa aka zubar, wasu aka yi gwanjonsu da araha. Waɗanda suka saye su yawanci yaran jiya ne da suka ƙarar da kuɗin makarantarsu a gabansu, yanzu sun girma sun samu wurin ajiya. Samun wurin kansa ba ƙaramin abu ba ne, domin akwati ɗaya yakan haura kilo 100, kuma ba kowace ƙofa yake shiga ba.

Gyaran yakan fara ne daga katako. Da yawa daga akwatunan an yi su ne da garin katako da aka matse da gam, wanda in ya sha ruwa sai ya kumbura ya riƙa marmashewa, kuma ƙasan akwati ne ke fara lalacewa saboda laimar daɓe da ruwan goge-goge. Mai gyara yakan yanke ruɓaɓɓen ya ɗora sabo. Wanda ya yi sa'a, in ya kankare baƙin fentin a hankali, sai ya tarar da zanen asali kwance a ƙarƙashi. In zanen ya tafi, akwai masu buga irinsa su sayar.

Gilashin shi ne zuciyar aikin. Irin na tsohuwar talabijin mai doro ne, kuma kamfanoni irin su Wells-Gardner da Electrohome ne suka wadata kasuwar Amurka da shi. Kafasitocinsa sukan bushe da daɗewa, hoto ya dusashe ko ya karkace, sai a cire su ɗaya bayan ɗaya a liƙa sababbi da dalma. Aikin yana da haɗari na gaske, domin bututun gilashin yana aiki da wuta ta dubban bolt, kuma yana iya riƙe ta ko bayan an zare soket, saboda haka dole a sauke ta kafin a sa hannu. Akwai kuma lahanin da ba ya gyaruwa. Hoton da ya shekara yana haskawa a wuri ɗaya yakan ƙone fuskar gilashin, har a ga layukan Pac-Man a jiki ko na'urar tana kashe. Asteroids ma nasa daban ne, yana zana layuka kai tsaye maimakon cika fuska da ɗigo, kuma gilashin talabijin na gama-gari ba ya maye gurbinsa. An daina ƙera irin waɗannan bututu, don haka kowane da ya fashe ya tafi ke nan. Gilashin zamani mai faɗi yana iya nuna wasan, amma masu zanen sun yi aikinsu ne bisa laushin haske da launin tsohon bututu, kuma wanda ya san na da yakan ga bambancin nan take.

Fanel yana da nasa ciwon. Batirin da aka sa don riƙe bayanai yakan yi yoyo ya cinye layukan tagulla. A fanel ɗin CPS-2 da Capcom ta fara amfani da shi a 1993, batir ne ke riƙe mabuɗin sirrin da ke buɗe wasan, an yi haka ne don hana satar fasaha. In ya mutu, wasan ya mutu tare da shi. Sai a 2016 masu bincike masu zaman kansu suka gano yadda za a mayar da mabuɗin a tayar da fanel ɗin ba tare da an sauya masa komai ba.

Tun 1997 wata hanya ta buɗe, lokacin da wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fitar da manhajar MAME, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi fanel ɗin tsofaffin wasanni. Ta ceci dubban wasanni daga ɓacewa, amma ta kawo saɓani tsakanin masu tarawa. Wasu sukan sayi akwati na asali su yashe cikinsa su sa kwamfuta mai wasanni barjat, wasu kuma suna ganin wannan maimaita ɓarnar 'yan kasuwar da ce. Hujjar na biyun ta fi ƙarfi, tunda ana iya ƙera sabon katako don MAME a kowane lokaci, na asali kuwa ba ya ƙaruwa.

Sha'awar ta kuma fita daga gidaje. Mashayar Barcade ta buɗe a Brooklyn a 2004 da tsofaffin akwatuna, gidan wasan Galloping Ghost a jihar Illinois ya biyo a 2010 da tarin na'urori da ake biyan kuɗin shiga sau ɗaya a yi ta bugawa, gidan tarihi na The Strong a Rochester kuma yana adana su a matsayin kayan tarihi. Daga 2018 kamfanin Arcade1Up ya soma sayar da ƙananan kwaikwayonsu, kashi uku cikin huɗu na girman asali, masu gilashin zamani, waɗanda mai saye ke harhaɗawa da kansa a gida.