Wanne ne "maganin fitsari"?

In dattijo ya fara wahalar fitsari, a gida da rediyo sai ka ji an ce "ciwon mafitsara" ne. Alhali mafitsara jakar tara fitsari ce, ba ita ta girma ba. Abin da ya girma wani ɗan ƙullutu ne a ƙarƙashinta, wanda hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Likitoci na kiransa furosteti, daga kalmar Girkanci mai nufin wanda ya tsaya a gaba. Maza kaɗai ke da shi, kuma yakan ƙara girma in an haura shekara 50.

Wannan ruɗanin da sauƙi. Wanda ya fi damuna shi ne "maganin fitsari". Je kemis ka faɗi haka, ana iya miƙo maka Lasix, ƙwayar da ke sa ƙoda ta ƙara fitar da ruwa, wadda ake bai wa mai kumburin ƙafa ko ciwon zuciya. Ga wanda hanyarsa ta matse kuwa, ƙarin ruwa ne a tulun da bakinsa ya toshe.

Magungunan furosteti a ƙarshen sunansu ake gane su. Masu ƙarewa da "osin", irin su tamsulosin da alfuzosin da doxazosin, sassauta naman da ya shaƙe hanyar suke yi, cikin 'yan kwanaki ake ganin sauƙi. Doxazosin asalinsa maganin hawan jini ne, shi ya sa danginsa ke kawo jiri. Baba in zai tashi alwalar asuba, ya fara zama a bakin gado tukuna kafin ya miƙe.

Masu ƙarewa da "steride" aikinsu daban: finasteride, wanda Amurka ta amince da shi a 1992 da sunan Proscar, da dutasteride. Su ƙullutun kansa suke ragewa, amma sai an kai kamar wata 6. Da yawa sukan watsar da su bayan mako biyu, wai ba sa aiki. Suna kuma rage sakamakon gwajin jinin furosteti da ake kira PSA da kusan rabi, don haka a sanar da likita kafin a ɗebi jinin.

In fitsari ya tsaya cak, mara ta cika ta yi tauri, babu ƙwayar da za ta buɗe shi a daren nan. Asibiti za a je a sa robar fitsari. Galibi likita zai fara ba da tamsulosin tun robar na jiki, sannan a cire ta bayan 'yan kwanaki a ga ko fitsarin zai fito da kansa.