Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina

Alhaji Isa Kaita (1912–1994) malamin makaranta ne, ɗan jarida kuma ɗan siyasa, wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi ta Jihar Arewa daga 1957 har zuwa juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966. Sunan da ya yi fice da shi na garin Kaita ne, maƙwabcin Jibiya a bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Mahaifinsa, Malam Haruna, shi ma Wazirin Katsina ne.

Ya yi karatu a Kwalejin Katsina zamani ɗaya da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya gama a 1932, ya kama koyarwa a Midil ta Katsina. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, aka tafi da shi Ankara ta ƙasar Gwalkwas, Gana ta yanzu, shi da Bello Ɗandago, suna karanta labaran yaƙi da Hausa a rediyo. Bayan ya dawo ya yi aiki a fadar Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya ƙaro ilimin mulki a Ingila, sannan ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa a 1951 a tutar jam'iyyar NPC. Ya riƙe ma'aikatar ayyuka kafin a danƙa masa ta ilimi.

Abin da ya tarar ba mai daɗi ba ne. Jihar Yamma ta fara firamare kyauta tun 1955, Jihar Gabas ta bi sahu a 1957, Arewa kuwa, da duk yawan jama'arta, ko malaman da za su tsaya gaban allo ba ta da isassu. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ba ta shiga wannan tsere ba. Ta ce a fara da malami kafin a tara ɗalibi, sai aka duƙufa wajen buɗe kwalejojin horon malamai da makarantun sakandare na larduna. 'Yan adawa sun ga jan ƙafa ne. Amma wanda ya shekara tara da alli a hannu ya san aji ba malami rumfa ce kawai, kuma da aka tashi yin firamare kyauta a ƙasa baki ɗaya a 1976, ƙarancin malamai ne ya fara kawo cikas.

A zamaninsa aka yi Dokar Ilimi ta Arewa ta 1962, wadda ta kafa hukumomin ilimi na yankuna domin kula da firamare tare da hukumomin gargajiya na En'e. A shekarar ce aka buɗe Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Zariya, kuma ranar 4 ga Oktoba aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello.

Garuruwan kan iyaka sun fi kowa nuna tasirin muƙamin ministan ilimi. Yaron Jibiya da ɗan'uwansa na Ɗan Isa ko Maraɗi a Nijar harshensu ɗaya, sau da yawa ma kakansu ɗaya, amma a lokacin na Jibiya yana bin manhajar Jihar Arewa da Ingilishi, na Nijar yana zuwa lakwal da Faransanci. Makarantar allo ce kaɗai ba ta san da iyakar ba, ita kuwa tsarin ma'aikatar bai janyo ta ciki yadda ya kamata ba. Karatun 'ya'ya mata ma tafiyar hawainiya ya yi. Waɗannan biyun su ne giɓin da ya bari.

Bayan faɗuwar Jamhuriya ta Farko ya zauna a Kaduna. A mulkin Shugaba Shehu Shagari ya shugabanci hukumar ɗa'ar ma'aikata. Ya rasu a watan Nuwamba na 1994. Kwalejin ilimi ta Jihar Katsina da ke Dutsin-Ma sunansa take ɗauke da shi.