Kafintan da ya yi amfani da tsofaffin ƙusoshi don dawo da kayan aikin da ya ɓace

Yau ƙasar Japan muka nufa, yankin Nara, inda wurin bautar mabiya Buddha mai suna Horyuji yake. An kafa shi a 607, kuma gine-ginensa na katako suna cikin mafi daɗewa a duniya.

A 1949 gobara ta lalata babban zaurensa. Cikin waɗanda gyara ya hau kansu akwai wani kafinta, Nishioka Tsunekazu, haifaffen 1908, wanda ya gaji aikin wurin daga mahaifinsa da kakansa. Da ya duba tsofaffin ginshiƙan, sai ya ga fuskarsu ba sumul take ba, tana da 'yan layuka kamar iska ta kaɗa ruwa. Babu kayan aikin zamaninsa da ke barin irin wannan sawu.

Abin da ya bar sawun shi ne yariganna: ƙarfe mai kama da kan mashi, bakinsa a ɗan lanƙwashe, a kan doguwar ƙota, ana feƙe katako da shi kaɗan-kaɗan. Kafintoci sun yi watsi da shi ɗaruruwan shekaru baya, bayan babban zarto da sabon abin goge katako sun shigo, sun fi sauri.

To, ya za a yi? Nishioka ya bi tsofaffin zane-zane da sawun da ke jikin katakon har ya gano siffarsa. Ƙarfen zamani bai ba shi yankan da yake so ba, sai aka kai wa wani maƙerin takubba a garin Sakai tsofaffin ƙusoshin Horyuji, ya ƙera daga su. Duk da haka, sai da ya kwashe kusan shekara 3 kafin hannunsa ya faɗa.

Hujjarsa ita ce, yariganna na bin jijiyar itace ba ya yaga ta, don haka ruwa ba ya zama, katako ya fi ƙarko. Da shi ya yi aiki a Yakushiji, inda aka kammala babban zaure a 1976 da hasumiyar yamma a 1981. Ya rasu a 1995, ya bar almajirai.

Ku lura fa, 'yan uwa: maƙeri ya iya dawo da ƙarfen, amma babu wani tsoho da ya rage da zai nuna yadda ake riƙe shi. Shekara ukun nan, kuɗin sakacin waɗanda suka bar sana'ar ta mutu ba magaji ne Nishioka ya biya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.